Gargaɗi: Kada Makin da ke Kan Tsohon Katin Besbol Ya Ruɗe Ku

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman mazauna Amurka. Akwai wani mutum da ke bin direbobin tasi da masu shaguna cikin jama'armu yana tallar tsofaffin katunan 'yan wasan besbol, wai a zuba jari, baɗi war haka kuɗin ya ninka. Hujjarsa ɗaya ce: katin yana cikin gidan roba a rufe ruf, a samansa ga takardar kamfanin tantancewa ɗauke da maki 8 ko 9. Don Allah kada wanda ya ba shi ko sisi saboda wannan robar.

Ba ƙarya ba ne katunan nan suna kuɗi. A 2022 an sayar da katin Mickey Mantle na kamfanin Topps, bugun 1952, a kan dala miliyan 12.6, kuma da wannan labarin mutumin yake buɗe zance. Farashin yana rataye ne a kan makin da kamfanoni irin su PSA da SGC da Beckett suke bayarwa, daga 1 zuwa 10. Suna duba ko hoton ya zauna a tsakiya, ko kusurwoyi sun dakushe, ko gefuna sun zazzage, ko akwai lanƙwasa ko tabo a fuskar katin. Tazarar maki ɗaya tak tana iya ninka farashi. A nan 'yan damfara suka samu ƙofa.

Shi makin nan hukuncin ɗan Adam ne da idonsa, kuma ana yaudarar idon. Katin da PSA ta fara tantancewa a tarihinta shi ne na Honus Wagner, wanda ake sakawa cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911. Shahararren ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da ɗan kasuwa Bruce McNall sun saye shi a 1991 kan dala 451,000, aka ba shi maki 8. A 2007 ya kai dala miliyan 2.8. Shekara da shekaru masana suna ƙus-ƙus cewa gefunansa sun cika kyau ga takardar da ta doshi shekara ɗari. Sai a 2013 wani dillalin katuna mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotun tarayya a Chicago cewa shi ya datse gefunan katin da abin yankan takarda. A 2015 aka yanke masa ɗaurin wata 20 kan damfarar da ya yi a harkar gwanjo. Katin da ya fi kowanne suna ke nan, wanda idon duniya ke kansa, balle wanda aka zaro maka daga aljihun jaka a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a.

Aikin 'yan damfarar da dabara yake. Za a samu kati mai maki 4, a fasa robarsa, a aske gefen da ya zazzage siririn aski kamar silin gashi, a danne lanƙwasa, a shafa launi inda ya koɗe, a sake aikawa a tantance. A ƙa'ida katin da aka taɓa ba ya samun maki, iyakarsa a shaida cewa na asali ne amma an yi masa gyara. To wasu suna wucewa. A 2019 masu tara katuna da kansu suka riƙa haɗa hotunan kati ɗaya kafin gyara da bayan gyara, har hukumar FBI ta shiga bincike.

Wasu ma ba sa wahalar da kansu: robar ta bogi, takardar ta bogi, lambar shaida kuwa kwafo ta suka yi daga kati na gaske. Shi ya sa in ya ce maka "duba lambar a shafin PSA", ka duba ka ga ta fito, bai isa ba. Sai ka gwada hoton da ke shafin, in akwai, da katin da ke hannunka, ɗigo da ɗigo, tabo da tabo. Ka dubi inda aka liƙe robar, ko ya yi fari-fari alamar an taɓa ɓalle shi. Tsohon kati mai gefe tas alhali fuskarsa ta sha jiki, abin tuhuma ne.

Farashin da yake nuna maka a waya, wai an sayar da irinsa jiya, shi ma kada ka hau kai. Cikin laifin da Mastro ya amsa har da sa 'yan kore su riƙa taya kaya a gwanjo don farashi ya hau.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yanzu ya koma karɓar kuɗin haɗaka, mutum biyar ko goma a kati ɗaya, katin kuma yana hannunsa, kuɗi ta manhajar tura kuɗi ta Zelle ko hannu da hannu, ba rasit. Mutanen nan gumin dare suke ba shi, wasu kuɗin da za su aika gida ne. Duk wanda ya riga ya bayar, ya adana saƙonninsu da shaidar tura kuɗi, ya sanar da bankinsa yau, ya kai ƙara wajen 'yan sanda da hukumar FTC mai kare masu sayen kaya daga damfara. Ku isar da wannan ga 'yan'uwa kafin ya kai gare su.