Kula ta iska, AIO, ko haɗin ruwa na kanka: wanne zai iya da zafin Kano?

Kwanaki wani ƙanena mai aikin editin ɗin bidiyon biki ya turo min hoto a WhatsApp, kwamfuta ce irin ta 'yan YouTube ɗin nan, tiyo fari kar kamar gilashi, jan ruwa yana zagayawa a ciki ga fitilu ko'ina sai ka ce zauren biki. Ya ce Yaya irin wannan nake so in haɗa, tawa in ina fitar da aiki har digiri 95 take kaiwa fankokin suna ihu kamar injin markaɗe. Na ce masa ka zo gida mu yi magana kafin ka taɓa kuɗinka, don ni na taɓa shiga wannan ramin na san zurfinsa. Abin da na gaya masa ne zan ɗan zubo a nan.

Abu na farko da yake ruɗar mutane shi ne suna ɗauka ruwan kwamfuta kamar ruwan randa ne. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda ruwan yana tsatsafowa ta jikinta iska ta kwashe shi, shi ya sa za ka sha ruwan randa ka ji ya fi ɗakin sanyi. To ruwan kwamfuta a rufe yake ruf, irin na lagireton mota ne, aikinsa kawai ya ɗauko zafi daga kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya kai lagireto, fanka ta busa, zafin ya fito cikin ɗakinka. Ba zai taɓa yin ƙasa da zafin ɗakin ba, ko nawa ka kashe. Masu harkar suna cewa haɗi ya yi kyau in ruwan bai wuce zafin ɗaki da digiri kamar 10 ba. Bature da yake gwaji a ɗaki mai digiri 22 ruwansa yana 32, kai kuma a Afrilu a Kano da rana take haura 40, ɗakinka na sama mai rufin kwano yana 38, ruwanka 48 kenan tun kafin a zo maganar furosesan. Duk lambar da ka gani a bidiyon turawa ka ɗora mata kamar 15 sannan ka yi lissafi.

Yanzu zaɓin hanyar sanyaya kwamfuta uku ne.

Na farko kula ta iska, wato ƙaton ƙarfen nan mai faifai-faifai da fanka ɗaya ko biyu da ake ɗorawa a kan furosesa ya sanyaya shi. Mutane suna raina ta don ba ta da kwalliya, amma abin dariya ita ma da ɗan ruwa a cikin bututun jan ƙarfen nata, yana tafasa ya tashi sama ya huce ya dawo, ba famfo ba komai. Noctua NH-D15 tun 2014 take kasuwa har yau ana kwatanta sababbi da ita, a 2024 suka fito da G2. In kuɗinka bai kai nan ba Thermalright Peerless Assassin 120 ko Deepcool AK620 suna bin ta a baya kaɗan da kuɗi ƙasa sosai. Abin da zai iya mutuwa a jikinta fanka ce kawai, fanka 120mm kuma ka shiga Beirut Road ko Farm Centre ka samu, ko ba irinta sak ba ka ɗaura ka ci gaba da aiki. Ko fankar ta tsaya ma ƙarfen yana ɗan riƙe zafin ba nan take na'ura za ta mutu ba. Matsalarta girma. Ka auna tsayinta da faɗin kes ɗinka, wato akwatin kwamfutar, D15 ta kai 165mm, ka kuma duba ko RAM ɗinka, wato sandunan memori da ke gefen furosesa, mai dogon kai ne don fankar gaba tana zama a kansa. Sannan nauyinta ya haura kilo ɗaya, in za ka ɗauki kwamfutar a adaidaita sahu ka kwantar da ita modabod, wato babban allon da ake ɗaura komai a kansa, yana ƙasa, kar ka tsayar da ita ramuka su dinga jijjiga ta.

In furosesanka irin su Ryzen 5, Core i5, ko ma Ryzen 7 7800X3D ne da 'yan gem suke so, wallahi nan ka tsaya, ka gama. Kuma ka sani yawancin Ryzen 7000 da gangan aka yi su su dinga hawa har 95 in aiki ya yi nauyi, ba lalacewa ba ce.

Na biyu AIO, wato haɗin ruwa da kamfani ya cika ya rufe, lagireto da tiyo biyu da famfo a kan furosesa, kai dai ka ɗaura kawai. Akwai 240, 280, 360 har 420, lambar tana nufin tsawon fankokin ne, 360 fanka uku 'yan 120 kenan. Mai 120 guda ɗaya kar ka ma kalle ta, kula ta iska mai kyau ta fi ta. Inda AIO take da amfani na gaske shi ne furosesa masu cin wuta kamar i9-14900K da yake jan wat 253 in aiki ya yi nauyi, musamman aikin da ake daɗewa ana yi irin fitar da bidiyon awa biyu. Arctic Liquid Freezer III tana cikin waɗanda ake yabo, garanti shekara 6 suke bayarwa, sai dai lagiretonta kauri ne da shi, 38mm, ba kowane kes take shiga ta sama ba tare da ta taɓa RAM ba. Shi kuma garantin nan ka tambayi kanka, in ta mutu waye zai mayar da ita Turai, nawa ne kuɗin aikawa? Gara ka san sharaɗin wanda ya sayar maka a nan ko a Legas, kwana nawa ya ba ka, a rubuta a rasit.

AIO tana tsufa, wannan ne ba a faɗa. Ruwan yana ragewa a hankali ta jikin tiyo ko ba yoyo, famfon ma yana gajiya, shekara biyar shida ka fara sa ido. Shi ya sa ni ban yarda da AIO 'yar gwanjo ba ko kaɗan, za a goge ta tas a ce maka Belgium ce ba a taɓa wahalar da ita ba, alhali ba wanda ya san shekararta. Ka girgiza ta kusa da kunne, in ka ji ruwa yana ɓulɓul da yawa iska ta yi yawa a ciki, ajiye musu kayansu. Wajen ɗaurawa kuma kar famfo ya zama shi ne a can ƙololuwa, iska sama take taruwa, in ta taru a famfo sai ka ji yana ƙara kamar ana kurkure baki, ya ci kansa. Lagireto a sama shi ya fi, in a gaba ne to saman lagireton ya fi famfon tsayi.

Na uku shi ne wanda ƙanen nawa ya gani, haɗi na kanka. Nan komai daban za ka saya: bulok na furosesa, wato ƙarfen da yake zama a kansa ruwa yana ratsawa ta ciki, bulok na girafik kad (katin da ke sarrafa hoto) in kana so, famfo, tanki, lagireto ɗaya ko biyu, tiyo, fitin, wato mahaɗin bakin tiyo, biyu ga kowane abu, fankoki, ruwa. Gaskiya yana aiki, musamman a kan girafik kad, irin RTX 4090 mai wat 450 ko 5090 mai 575 in ka sa musu ruwa zafinsu yana faɗuwa sosai kuma shiru kake ji. Amma kuɗin ya ninka na AIO sau da yawa kuma duk da dala ne, ga jira. Fitin ɗaya mai lanƙwasa ya gaza maka, aiki ya tsaya sai ka yi oda daga China ko Amurka ka zauna makonni. Shi bulok ɗin kad kuma na wannan samfurin ne kaɗai, na ASUS ba ya hawa na Zotac, ranar da ka canja kad ya zama kayan ado.

In ka ce ka ji ka gani, to ga abin da zan zaɓa. Famfo D5 ya fi DDC dacewa da mu, don D5 ruwan da yake turawa shi yake sanyaya shi, DDC kuwa ƙarami ne yana da ƙarfin turi amma jikinsa yana zafi yana son iska. Zaren fitin kusan duk G1/4 ne, nan ba rigima, rigimar tana wajen girman tiyo, in ka sayi 10/16, wato faɗin ciki 10mm na waje 16mm, to fitin ma 10/16, kar ka haɗa da 10/13. Tiyo mai tauri shi ne mai kyan hoto, amma wanda aka yi da robar PETG yana laushi in ruwa ya yi zafi, ya ɗan motsa daga bakin fitin, ka tuna lissafin 48 ɗin can. Akirilik ya fi jure zafi sai dai yana tsagewa wajen yanka, kuma duk sai ka koyi lanƙwasa su da bindigar zafi ka ɓata guda uku huɗu kafin hannunka ya faɗa. Ni baƙin tiyon roba na EPDM nake ba wa kowa shawara, ba ya ado amma ba ya gajiya, haske ba ya shiga balle gansakuka ta samu wurin zama. Lagireto kuma turawa suna cewa 120mm ga kowane wat 100, a Kano ka ƙara a kan haka, ka nemi mai faifai wara-wara ba mai matsattsu ba saboda ƙura.

Kar ka haɗa alminiyam da jan ƙarfe a ruwa ɗaya. Wannan da kuɗina na koya. Haɗina na farko na samu wani lagireto mai araha ban tambayi da me aka yi shi ba, bulok ɗina jan ƙarfe, bayan wasu watanni zafi ya dinga hawa, na buɗe na tarar da wani farin ƙulli-ƙulli kamar koko ya kwana ya toshe siraran layukan cikin bulok ɗin. Ƙarfen biyu in suka haɗu a ruwa kamar batir suke zama, alminiyam ɗin ne yake narkewa. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zaman lafiya da juna. Za ka ce ai AIO ma haka aka haɗa ta, e haka ne, amma su sun zuba maganin hana tsatsa sun rufe, kuma yana cikin dalilin da ya sa take da wa'adi.

Sai ruwan kansa. Ba ruwan famfo ba, ba na bohol ba, ba fiya wata ba, duk akwai gishiri-gishiri a ciki da zai daskare kamar na cikin butar shayi. Tataccen ruwa ake sawa, distil. Masu batirin mota da na inbata suna sayarwa amma ka yi hattara sosai kar a ba ka mai asid, kuma ba kowace jarka da aka rubuta distil ba ce distil, in kana da hanya wajen masu kayan lab ya fi kwanciyar hankali. Shi kaɗai ma bai isa ba sai da maganin tsatsa da na kashe gansakuka, ko ka sayi haɗaɗɗe irin Mayhems X1 ko DP Ultra na Aquacomputer. Mai kauri kamar madara ɗin nan da yake kyau a hoto ka bar wa masu baje koli, yana kwantawa ya toshe bulok. Duk wata shida zuwa shekara za ka zubar ka wanke ka sake, don haka tun ranar haɗi ka sa bawul na zubarwa a can ƙasa, in ba haka ba ranar canji sai ka ɗaga kwamfuta kana juya ta kamar mai tankaɗe. Kafin ka kunna kuma gwajin yoyo dole ne, ka cire wuta daga modabod da kad gaba ɗaya, famfo kaɗai zai yi aiki, ka shimfiɗa tishu ƙarƙashin kowane fitin ka bar shi awa 24. Matsalar ita ce wa zai ba ka wuta awa 24 a jere in ba sola gare ka ba, shi ya sa ɗan famfon gwaji na iska ya fi mana, ka hura iska har matsinta ya kai wajen rabin bar a ma'aunin famfon, ka zuba wa allurar ido minti 15, in ba ta sauka ba ka zuba ruwa.

Ƙura kuwa ba ruwanta da wanne ka zaɓa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana shiga ko ta ina, lagireto kuma tarkon ƙura ne, yana yin wani bargo tsakanin fanka da faifan da ba ka gani sai ka kwance. Kes mai raga a gaba da matata da ake cirewa, fankokin shigar da iska su fi na fitarwa yawa, ka ɗaga kwamfutar daga ƙasa, duk sati biyu ka kakkaɓe matatar. In za ka busa da buluwa ka riƙe fankar da yatsa kar ta dinga juyawa a banza. Kula ta iska minti biyar ka gama da ita, lagireto biyu a cikin haɗin tiyo mai tauri kuwa aikin yini ne.

Da muka zauna da ƙanen nawa sai na ga i7 ne da shi a cikin wani kes mai gilashi a gaba ba ko ƙofar iska, da 'yar kular da ba ta fi tafin hannu ba, tamal fes ɗin, wato man da ake shafawa tsakanin furosesa da kula, ya bushe kamar ƙanzo. Muka shiga BIOS, wato saitin modabod, muka rage wa furosesan iyakar wat, aikin da yake fitarwa bai ƙara wani lokacin kirki ba amma zafin ya sauka, inbatarsa ma ta samu sauƙi. Ya sayi kes mai raga da Peerless Assassin, ragowar kuɗin da ya tara na tiyo da fitilu ya ce zai cika ya sa AC a ɗakin, don kwamfuta mai jan wat 500 ko da me ka sanyaya ta wat 500 ɗin nan a ɗakin take zubar da shi, kai ne za ka zauna a ciki. Har yanzu dai hoton jan ruwan nan ne a fuskar wayarsa, ya ce in Allah ya hore bayan Sallah zai dawo mu yi lissafin fitin.