Aikin "filashin" PS3 a shagunan gem na Yamai: me kake saye da kuɗinka?

A shagunan gyaran gem na Yamai, duk wanda ya kawo PS3, wato na'urar gem ta PlayStation 3, ana ce masa za a yi mata filashi, wato a buɗe manhajarta don ta karɓi abin da Sony ta hana. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne aikin iri biyu ne, kuma lambar da ke jikin na'urarsa ce ke yanke wanda zai samu. Mai gyara na ƙwarai yana farawa ne da juya na'urar ya karanta lambar samfurinta, wadda ke farawa da CECH. Wanda ya karɓa ya jona ta a wuta kai tsaye ba tare da ya duba ba, ka ɗauki abinka ka ƙara gaba.

Iri na farko shi ne CFW, wato a sauya manhajar Sony gaba ɗaya da wadda aka buɗe, yawanci wadda ake kira Evilnat. Tana zama daram, ko ka kashe ka kunna tana nan. Duk tsofaffin masu kauri suna karɓarta, haka sirara masu lamba CECH-20 da CECH-21. Masu lamba CECH-25 kuwa sun rabu biyu, a nan ake yawan ɓarna. Wadda ta fito daga masana'anta da manhaja 3.56 ko ƙasa da haka tana karɓa, wadda ta fito da 3.60 ba ta karɓa, kuma idan aka tilasta mata sai ta mutu. Akwai ɗan fayil mai suna MinVerChk da ke nuna wannan lambar cikin minti biyu. Ka nemi a nuna maka sakamakon a talabijin da idonka.

Iri na biyu shi ne HEN, buɗewa ta wucin gadi ga waɗanda ba sa karɓar CFW, kamar CECH-30 da dukkan masu murfin da ake zamewa gefe, CECH-40 zuwa 43. Ana fara sa HFW, wato manhajar Sony da aka ɗan gyara, wadda ta dace da HEN ɗin, sannan a shigar da shi ta burauzar na'urar. Yana aiki, yana buɗe manhajojin sarrafa wasanni irin su multiMAN da webMAN da RetroArch, amma sai an kunna shi duk lokacin da aka tada na'urar, wani lokaci kuma yakan sanƙare sai an sake tayarwa. Ba laifi ba ne a sayar maka da HEN. Laifin shi ne a karɓi kuɗin CFW a kansa, ko a sa wa mai kauri HEN saboda kawai ya fi sauƙi.

Wurin da aikin yawancin shaguna ke da rauni shi ne ajiyar kwafin ƙwaƙwalwar na'ura. Kafin a taɓa komai, shafin intanet na PS3 Toolset yana ba da damar kwafe abin da ke cikin guntun ƙwaƙwalwar, wato NOR, mai MB 16, ko NAND mai MB 256 a tsofaffin farko. Wannan fayil na na'urarka ne kaɗai, na wata ba ya yi mata. Idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, da shi ne kawai mai na'urar E3 Flasher zai iya farfaɗo da mai NOR. Ka tafi da kile USB naka, ka ce a zuba maka shi, ka ajiye a gida. Ka kuma duba ko teburin aikin yana da UPS, akwatin da ke riƙe wuta. A garin da kuran ke iya tafiya da tsakar rana a watan Afrilu da Mayu, shagon da ke rubuta NOR ba tare da shi ba yana caca ne da dukiyarka.

Sauran matakan ba su da wuya, amma ba sa yafe ganganci. Kile ta zama a tsarin ajiya na FAT32, fayil ɗin ya zauna a PS3/UPDATE da suna PS3UPDAT.PUP, duka da manyan haruffa, a kuma duba MD5 ɗinsa, wato lambar tantance fayil, don tabbatar da bai lalace wajen saukewa ba. A cire duk faifan wasa ko fim da ke ciki tukuna. Na'urar da injin karanta faifanta ya mutu takan tsaya da lamba 8002F14E, wadda kuma sashen Bluetooth da Wi-Fi ya lalace takan nuna 8002F1F9, ta yi ta juyawa a shafin sabuntawa ba ta fita. PS3 ɗin da ake shigowa da su na hannu da yawa suna da ɗaya daga cikin waɗannan cututtukan. Evilnat tana da nau'in noBD na mai mataccen injin faifai da noBT na mai mataccen Bluetooth saboda haka, kuma ya kamata mai gyara ya gwada faifai da maneti marar waya kafin ya zaɓi fayil.

A ganina babban amfanin aikin nan a Yamai shi ne iko da fanka. Zafin da ya haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, su ne ke kashe masu kauri, fitilarsu ta nuna jan haske ko rawaya. webMAN yana nuna zafin CELL da RSX, manyan guntaye biyu na na'urar, yana kuma bari a ce fanka ta ƙara gudu kafin zafin ya kai 70. Za ta yi ƙara, amma gara ƙara da mutuwa. Shagon da ya san aikinsa yana haɗawa da buɗe na'urar, busa ƙura, sauya man da ke tsakanin guntayen da ƙarfen sanyaya, da sa sabon batir CR2032. Idan bayan wannan zafin bai sauko ba, matsalar tana ƙarƙashin murfin CELL, kuma cire shi aiki ne da reza ɗaya ke iya ɓata allon gaba ɗaya, kada ka ba ɗan koyo.

Game da faifan ajiya, ɗan inci 2.5 na SATA har TB 1 yana tafiya lafiya. Na'urar tana kulle shi da mabuɗinta, don haka ba a cire na wata a sa a wata ba tare da an goge komai ba. FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya wuce GB 4, sai a raba shi ko a yi amfani da tsarin NTFS tare da manhajar prepISO. Kwafe faifan wasan da ka saya zuwa ciki yana hutar da idon na'ura. Cika ta da wasannin da ba ka saya ba kuwa haƙƙin wasu ne, kuma shiga PSN, dandalin Sony na intanet, da buɗaɗɗiyar na'ura na iya jawo a toshe ta har abada.

Sony ta fitar da 4.91 a 2024, sannan 4.92 a 2025. Idan yaro ya danna sabuntawa ta intanet, CFW ko HEN ya tafi, sai an sake aikin. Kafin ka bar shagon, ka sa a kashe sabuntawa ta kai tsaye, a kuma rubuta maka lambar manhajar da aka sa a takarda.