Gargaɗi ga masu sarin kaya daga Guangzhou: a yi hattara da ejan na bogi

'Yan'uwa 'yan kasuwa, musamman mata masu sari ta waya, don Allah ku karanta kafin ku tura wa kowa kuɗi.

Akwai masu damfara da sunan unguwar Xiaobei da ke gundumar Yuexiu, tsohon cikin garin Guangzhou, inda 'yan Afirka suka daɗe suna sauka. Mutum zai turo miki bidiyo ta WhatsApp yana tsaye gaban shago a benen Tianxiu, yana ɗaga leshi da mayafai da jakunkuna, yana cewa "Hajiya, wannan shagonmu ne." Wani ma har da hotonsa a masallacin Huaisheng ko a maƙabartar da ake dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, don a ce mai tsoron Allah ne. Wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Duk wanda ya san wurin ya san kowa na iya shiga kowane shago ya ɗauki bidiyo. Mai shagon murna ma zai yi, ya zata ciniki ne ya zo.

Da farko samfur mai kyau zai iso, a farashin da ko a Kwari ba a samu. Hankali ya kwanta, sai ya nemi kafin alƙalami, wai a zuba naira a asusun "ƙaninsa" a gida don a huta da wahalar canji. Ya turo rasit da hoton kwalaye an rubuta sunanki da alƙalamin maka. Can sai a ji kwastam sun riƙe kwantena, a ƙaro kuɗi. Daga ranar da aka ce babu, lambar ta daina shiga.

Ku nemi takardar rajistar kamfanin. Kowane kamfanin Caina na da lambar shaida mai gurbi 18 da ake dubawa a shafin gwamnatinsu, kuma sunan da ke takardar shi ne zai kasance a asusun da za a biya. Kamfanin kago kuwa, wato mai jigilar kayan, ku kira ofishinsu na gida da lambar da kuka samo da kanku, ku tambaya ko kayan sun shiga sitonsu. In akwai wanda kuka sani da zai je baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu ko Oktoba, ku ba shi adireshin ya taka da ƙafarsa.

Wanda aka riga aka cuta ya adana rasit da saƙonnin murya, ya sanar da bankinsa nan take, ya kai ƙara wajen hukuma.