Monitar inci 27 mai tambarin HDR: baƙin ya yi, motsin bai yi ba

Don HDR, fasahar da ke ƙara tazara tsakanin haske da duhu a hoto, na sayi wannan monita ta wasannin kwamfuta, kuma shi ne ya fara ba ni kunya. Ana kunna shi, launukan wasa suka koɗe kamar yadin da ya sha rana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: matakinta na HDR DisplayHDR 400 ne, wato haskenta na kaiwa nit 400 (nit ma'aunin hasken allo ne), amma fitilar bayan allon ba ta iya rage haske sashe-sashe. Idan tocila ta haska a cikin kogo, allon gaba ɗaya ne ke ɗaga haske, sai duhun kogon ya koma toka-toka. Ina amfanin HDR ɗin ke nan? A kashe shi kawai.

Da aka kashe kuwa, gaskiya ta burge. Allon irin wanda ake kira VA ne, bambancin fari da baƙinsa ya kai kusan 3000:1, inda yawancin alluna irin IPS ke tsayawa wajen 1000:1. Nan ake gane cewa haske da inuwa ne ke ƙawata wasa fiye da yawan ɗigon hoto. Titi mai jiƙe da ruwan sama da dare, fitilu na ƙyalli a kan kwalta, inuwar da ke ƙarƙashin mota baƙa ƙirin. Yawan ɗigonta na 2560×1440 ma ya wadatar a wannan girman, kuma ba ya gajiyar da katin hoto kamar 4K.

Har na fara yafe mata, sai aka zo juya kyamara a wuri mai duhu. Rassan bishiya da gefen gine-gine suna jan baƙar jela a bayansu. A 144Hz, wato sabunta hoto sau 144 a sakan, kowane firam (hoto ɗaya) yana da milisakan 6.9 ne kacal, ɗigon VA kuwa yana da nawa wajen fita daga baƙi, don haka sabon hoto ke tarar da tsohon bai gama tafiya ba. "1ms" ɗin da ke jikin kwali, wai milisakan ɗaya ɗigo ke ɗauka ya sauya, a bar shi a jikin kwali. Idan aka ƙure Overdrive, saitin da ke hanzarta sauyin ɗigo, jelar takan ragu, amma sai wata farar inuwa ta fito a gefen abubuwa, wadda ta fi muni. Matsakaici ne ya fi dama-dama.

A haɗa ta da kwamfuta da wayar DisplayPort, a zaɓi 144Hz da hannu domin takan tashi a 60, a kashe Motion Blur (dusashe hoto yayin motsi) a cikin wasa, a bar gamma (saitin daidaita haske da duhu) a 2.2. Mai wasannin labari a natse zai ji daɗinta. Mai wasan harbi a taswirar dare kuwa, IPS ta fi masa. HDR ɗin nan dai har yanzu yana ci min rai.