Ƙaramin jirgin gudu na hannu: abin da masu shi a Accra ke faɗa

Jiragen ruwa na shaƙatawa na hannu da ake samu a Accra kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake shigowa da su ta tashar Tema daga Amurka ko Kanada, irin su Bayliner da Sea Ray masu tsawon ƙafa 17 zuwa 19, da inji irin na mota a cikin cikinsu. Akwai kuma masu injin da ake ratayawa a baya, Yamaha ko Suzuki ko Mercury, waɗanda galibi sun riga sun yi aiki a Ada Foah ko Akosombo, garuruwan da ke bakin kogin Volta. Na farkon ya fi ɗaukar ido: kujerun leda farare, gilashi a gaba, wurin kwanciya a baya. Amma in ka zauna da waɗanda suka riƙe jirgi suka biya kuɗin gyaransa, daga unguwar Nima har ta Madina, za ka ji bakinsu ya fi karkata ga na biyun. Mu ma can muka karkata, kuma dalilin ruwan da za a saka jirgin ne.

Ruwan Ada gauraye ne, na kogin Volta da na teku. Injin ciki irin MerCruiser 3.0 ko 4.3 yawanci ba shi da lagireto. Ruwan da jirgin ke kai shi yake zuƙa ya zagaya cikin inji, ya fita ta bututun hayaƙi na baƙin ƙarfe. A tafkin Amurka mai ruwan daɗi wannan bututu yana iya yin shekara goma ko fiye. A ruwan gishiri shekara uku zuwa biyar tsatsa ta cinye shi daga ciki, ruwa ya koma cikin silinda, wata safiya ka murɗa makulli inji ya ƙi juyawa. Daga waje ba a ganin komai, sai an kwance. Sannan tsakanin jikin jirgi da ƙafar giya, wato sashen da ke rataye a baya yana ɗauke da farfela, irin Alpha One, akwai robobi uku masu lanƙwasa: na sandar juyi, na hayaƙi, da na wayar giya. Rana da zafi irin namu suna busar da su. In na sandar juyi ko na wayar giya ya tsage, ruwa zai riƙa shiga jirgi yana ɗaure a bakin gaɓa, har ya nutse ba wanda ya taɓa shi. Ka juya sitiyari ƙarshe, ka ɗaga ƙafar sama, ka sa yatsa cikin lanƙwasar robar ka duba tsaga.

Wata matsalar kuma daga can ƙasashen da ake shigo da jiragen take zuwa. A ƙasashen sanyi in mai jirgi bai zubar da ruwan inji kafin hunturu ba, ruwan yakan daskare ya fasa bulok, wato gangar jikin injin. Irin waɗannan jirage, da waɗanda ambaliya ta taɓa, su ne ke cika wuraren gwanjo da araha. Alamarsa layin tsatsa a gefen bulok, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara bayan inji ya yi zafi. In ka ga an rubuta OMC Cobra a ƙafar, ka wuce kawai: kamfanin ya durƙushe tun ƙarshen shekarar 2000, neman kayansa wahala ce.

Masu son injin ciki suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Bulok ɗin na General Motors ne, don haka makanikin da ya saba da motocin Amurka zai gane kansa, ana kuma samun wasu kayan a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra. To amma a nan ake yin kuskuren da ke ƙona mutane. Kik da altaneta na jirgi an rufe su ne don kada su yi tartsatsi, kafireto kuma an ƙera shi ne don kada fetur ya zubo waje, domin tururin fetur nauyi gare shi, yana taruwa a ƙasan ɗakin inji. Wanda ya ɗaura na mota saboda ya fi araha ya ajiye wa kansa gobara. Ka duba ko an yi wannan canjin, ka tabbata fankar fitar da tururi tana aiki. Minti 4 ake barinta kafin a tada inji.

Injin rataye ba shi da waɗannan duka. Kana gama yawo ka ɗaga shi daga ruwa, ka wanke cikinsa da ruwan famfo minti 10 zuwa 15, shi ke nan. Yamaha ya fi sauƙin riƙewa saboda masuntan Jamestown, Chorkor da Tema sun daɗe da samfurinsa na Enduro mai ƙarfin doki 40, makanikai sun san jinin gidan. Sai dai doki 40 ya yi kaɗan ga jirgin faiba mai ƙafa 17 da mutum biyar. Zai yi ta tura ruwa da ƙirji bai hau sama ba. Daga 70 zuwa 115 ne daidai, gwargwadon abin da farantin jikin jirgin ya yarda. Injin da ake gauraya wa mai da fetur ya fi sauƙin gyara, ya fi shan fetur da fitar da hayaƙi. Ma'aunin da aka fi sani 50:1 ne, wato rabin lita na mai mai lambar TC-W3 a lita 25 na fetur. Wanda ba a gaurayawa ya fi shiru da tsimi, amma ƙazantaccen fetur na saurin toshe shi, don haka matatar raba ruwa da fetur dole ce. Kada kuma ka sa man masunta mai tallafi a lissafinka, ba don yawon shaƙatawa gwamnati ta ware shi ba. Injin doki 115 in an taka shi ƙarshe yana shan kusan lita 40 a awa.

Abin da ya fi inji muhimmanci shi ne allon baya, inda inji ke zaune. A yawancin tsofaffin jirage katako ne a tsakiya, faiba ta rufe shi. Ruwa na shiga ta ramukan noti, katakon ya ruɓe, waje kuwa yana ta sheƙi. Ɗaga injin sama, ka kama ƙafarsa ka danna da dukkan nauyinka; in allon ya motsa ko ya yi ƙara, ya tafi. Ka bi shi da ƙaramar guduma ta roba: lafiyayyen wuri ƙwas yake amsawa, ruɓaɓɓe kuma dum. In mai jirgi ya yarda, kwance sukuru ɗaya a ƙasa ka ga ko ruwa mai launin ƙasa zai fito. Haka za ka taka ko'ina a daɓen jirgin ba takalmi, musamman gindin kujeru. Sabon kafet a tsohon jirgi abin tambaya ne. Gyaran allon baya na nufin sauke inji da yanke faiba, sau da yawa kuɗinsa ya fi darajar jikin.

Inji kuwa a same shi da sanyi. Ka ɗora hannu a kai kafin a tada, don wanda aka ɗumama kafin ka zo yana ɓoye wuyar tashi. A cire fulogogi a auna matsin kowace silinda, bambancinsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. A sassauta sukurun ƙasa na man giya: in ya fito fari-fari ruwa ya shiga, in da manyan ɓarɓashin ƙarfe, giya na cin kanta. Siririn ruwan da inji ke fesowa a baya ya kamata ya fito da ƙarfi. Ko da ya fito, ka canza robar famfon ruwa da zarar ka saya, domin yashi da ciyawar ƙasan Volta suna cinye ta, kuma ba ta da tsada. Jirgin da ya yi aiki a tafkin sama da Akosombo a juya farfelarsa da hannu a ga ko sandar ta lanƙwashe. Kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama madatsar a 1965 suna nan a ƙarƙashi.

Gwaji da tiyo a tsakar gida bai isa ba. Ada kusan kilomita 100 ce daga Accra ta hanyar Aflao, a karya a Kasseh; ka biya kuɗin mai a kai shi ruwa. Da mutane a ciki a taka totur ƙarshe: MerCruiser 3.0 ya kai juyi 4400 zuwa 4800 a minti, Yamaha F115 kuma 5000 zuwa 6000. In bai kai ba, ko inji ya gaji, ko farfela ba tasa ba ce, ko soson da ke ƙarƙashin daɓe ya sha ruwa jirgin ya yi nauyi. Bayan an fito a cire toshiyar baya a ga yawan ruwan da zai zuba. A yi gwajin a cikin kogi. Bakin teku wajen Azizanya yana da tudun yashi da igiya mai karyewa, ba wurin irin wannan jirgi ba ne.

Takardu ba su da yawa. Jirgin Amurka yana da lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a saman allon baya ta dama, biyun ƙarshe su ne shekarar samfurinsa. Ta dace da takardar kwastan, lambar inji ma haka. Rajista da ƙa'idojin tsaro a hannun Ghana Maritime Authority suke. Rigar ceto ga kowane mutum, har da ta yara daidai jikinsu, da igiyar kashe inji da direba ke ɗaurawa, ba abin ciniki ba ne.

Tirela ake mantawa. Na Amurka da yawa fenti kawai aka yi musu don ruwan daɗi, a Ada kuwa daga cikin bututu suke ruɓewa, sai ka nemi mai rufin zinki. A ɗaga kowace taya a juya. In boris na gurnani a canza shi a cika giris kafin a kama hanyar Tema, a kuma duba shekarar tayoyin, don sukan tsage saboda tsufa tun zanensu bai goge ba.