Aramco da NNPC: wa ke riƙe da rijiyar?

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda Aramco na Saudiyya da NNPC namu duk mallakar gwamnati ne, me ya sa ɗaya ke tara ribar da ta fi kasafin kuɗin ƙasashe da dama, ɗayan kuwa kullum ƙorafi ake yi a kansa? A ganina bambancin ya fara ne daga wanda ke haƙa man da hannunsa.

Aramco asalinsa na Amurkawa ne. A 1933 Sarki Abdul'aziz ya ba Standard Oil na Kalifoniya izinin neman mai, aka same shi a 1938 a rijiya ta bakwai a Dammam. Saudiyya ta riƙa sayen hannun jari kaɗan-kaɗan har ta mallake kamfanin baki ɗaya a 1980, da injiniyoyinsa da rijiyoyinsa da tsarin aikinsa. Shi ke haƙa da kansa a Ghawar, filin mai mafi girma a doron ƙasa, kuma fito da ganga ɗaya ba ya cin masa dala biyar. A 2022 ribarsa ta kai dala biliyan 161.

NNPC kuwa an kafa shi a 1977, shekara 21 bayan Shell-BP ya samu mai a Oloibiri da ke yankin Neja Delta. Shekara da shekaru, a haɗin gwiwarsa da Shell, Chevron, ExxonMobil da Agip, yana da kashi 55 ko 60 cikin ɗari, amma su ne suka riƙa tafiyar da aikin. Ga fadamun Neja Delta, ga zurfin teku, ga masu fasa bututu. Aka kuma jibga masa nauyin tallafin fetur, yayin da matatun Fatakwal, Warri da Kaduna, masu iya tace ganga 445,000 a rana, suka shafe shekaru a kwance. Ta Kaduna ce ta fi min ciwo, domin don Arewa aka gina ta.

A yi adalci dai: Saudiyya na haƙo ganga kusan miliyan tara zuwa goma a rana, mu kusan miliyan ɗaya da rabi, ga mutanenmu sun haura miliyan 200.

Akwai kuma maganar buɗe littafi. A Disamban 2019 Aramco ya sayar da kashi 1.5 na hannun jarinsa a kasuwar Riyad, dole ya riƙa bayyana asusunsa ga masu jari. NNPC sai a 2020 ya fara wallafa asusun da aka bincika, shekara 43 da kafuwarsa. Dokar man fetur ta 2021 ta mayar da shi kamfani mai hannun jari, kuma ni ranar da zan ga ɗan Najeriya ya sayi nasa kaso a kasuwa nake jira.