Kwalin kayan gyaran injin Hilux 3L: abin ɗauka da abin bari

A shagunan kayan mota na Garwa da Marwa, duk wanda ya ce zai tayar da tsohuwar Hilux mai injin 3L da kuɗi kaɗan, abin da ake fara miƙo masa shi ne kwalin nan marar sunan kamfani: fistin huɗu, ringi, metal (bearin da kiranshaf ke juyawa a kai), gasket ɗin injin gaba ɗaya, wani lokaci har da bel ɗin taimin. Mai shago zai ce, "Alhaji, ɗauki wannan ka huta." Araha kam akwai, sai dai ba duk abin da ke ciki ya cancanci shiga injin ba.

Kada a saya kafin a kwance injin a auna. Faɗin silindar 3L milimita 96 ne. Idan ta ci, sai an kai wa masu gogewa su buɗa ta da ƙarin milimita 0.50, fistin da ringi kuma su zo a wannan lambar. Haka kiranshaf: in an goge shi an rage milimita 0.25, metal ɗin 0.25 zai karɓa. Wanda ya riga ya sayi kwalin asalin lamba ya sa a silindar da ta buɗe, zai ga hayaƙi shuɗi da shan baƙin mai tun ba a je ko'ina ba.

Fistin ɗin kwalin ba laifi, ƙananan gasket ɗin ma sun wadatar. Ringi da metal kuwa gara a ƙara 'yan jakunkuna a nemi ringin kamfanin NPR da metal ɗin kamfanin Taiho, a kuma duba kwalinsu da kyau, don jabu ya yi yawa.

Inda kwalin ya fi gazawa shi ne gasket ɗin kai, wanda makanikan nan ke ce wa juwan kulas. Guda ɗaya ake sakowa, alhali na 3L kauri uku ne, masu alamar B, D da F, kuma ana zaɓa ne bayan an auna yadda fistin ya leƙo saman bulok. In ya yi siriri, fistin na iya taɓa balbul. In ya yi kauri, motar ta riƙa wahalar tashi da safe lokacin hunturu. Kusoshin kai 18 ne, ana ɗaure su daga tsakiya zuwa gefe da maɓallin awo zuwa Nm 78 (ma'aunin ƙarfin ɗauri), sannan a juya digiri 90, a sake wani 90. Ɗaurin "hannuna ya sani" shi ke ƙona gasket. Kafin nan a wanke kan tas, a duba tsaga tsakanin balbul, musamman in motar ta taɓa tafasa.

Bel ɗin kwalin a ajiye shi gefe. In ya tsinke, balbul za su lanƙwashe, aikin ya koma farko. A sa mai kyau tare da sabuwar tayar da ke ɗame shi, a canja a kilomita 100,000.

Abin da babu a kwalin ma yana cikin lissafi: famfon ruwa (na kamfanin Aisin ya fi), wankin lagireto, gwajin nozul, matatar iska saboda ƙurarmu. Zafin Afrilu a hanyar Marwa zuwa Kuseri ba ya ragawa injin da ruwansa ba ya zagayawa. Bayan haɗawa, ban da lodi mai nauyi da man zuwa-zuwa (man fasa-ƙwauri na gefen titi), a juye baƙin mai da matatarsa a kilomita 1,000 na farko.